Littafin tsofaffin kekunan ɗinki: abin da na ƙwato daga bakin sikeli

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan littafi ne saboda ƙanena ya ce in ban riƙa rubutawa ba, nan da wata uku ba zan san ko riba nake ci ko uwar kuɗi ba. Ya yi gaskiya. Sana'ata gyaran keken ɗinki, shekara 11 ke nan ina da rumfa a Agege, a wurin mahaifina kuma na koya a Zariya tun ina mai miƙo masa sukudireba. Abin da na sa a gaba bana shi ne in tara tsofaffin kekuna 10 waɗanda aka ƙera kafin 1960, in tashe su, in sayar. Na ware naira 300,000, na kuma yi wa uwargida alkawarin ba zan taɓa kuɗin cefane ba.

Abin da ya zaburar da ni ranar Talata ya faru. Na je Owode Onirin neman ƙafar keke ta zubi, sai na iske samari biyu 'yan wajenmu sun kwantar da kan keke a ƙasa suna dukansa da guduma. Baƙi ne, ɗan ƙarami, zanen furanninsa na ruwan zinare na leƙowa ta ƙarƙashin ƙura. Kafin in ce ku dakata, wuyansa ya ɓalle. Na tsuguna na ɗauki gutsuren da ke da lamba na goge da babban yatsa: harafin Y ne a gaba. Wato daga masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotilan ya fito, tsakanin farkon shekarun 1920 da 1935. Ya tsallako teku, ya ɗinka wa amare kayan aure Allah kaɗai Ya san yawansu, ya zo ya ƙare ana lissafinsa kilo-kilo. Ban ga laifin yaran ba, ƙarfe suke saye ƙarfe suke sayarwa. Amma tun ranar na san da wanda nake rige-rige a wannan harka. Ba wani dillali ba ne, sikeli ne.

Asabar, 27 ga Janairu

Mako biyu ina yawon zumunci wurin 'yan bola. Agege, Mile 12, Alaba Rago, Idi-Araba, duk inda na san namu na tara ƙarfe na je na sha shayi na bar lambar waya. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya samu baƙin kan keke kada ya fasa, zan ba shi ninki biyu na abin da sikeli zai ba shi. Kan keke na zubi kilo goma sha wani abu ne, ninkin ba zai karya ni ba. Na ce su turo min hoto uku ta WhatsApp: lambar da ke gaban farantin ta hannun dama, tambarin tagulla da ke jikin ginshiƙi, da fuskar keken ta wajen allura.

Hotuna sun fara zuwa, yawancinsu na Butterfly. Ba raina shi nake ba, gyaransa ne ke biya min haya. Sai dai kwaikwayon Singer 15 ne da ya fito daga Shanghai, har gobe kuma ana samun sabonsa a kwali.

Ga abin da na rubuta wa yaran da alli a bangon rumfa. In lamba ba ta da harafi a gabanta, kafin 1900 aka yi keken, wannan ko tsakar dare ne a tashe ni. F, daga 1910 zuwa 1920. Y, har zuwa 1935. Daga nan sai masu haruffa biyu, EA, EB, haka har ƙasa. Masu waɗannan haruffan duk na Clydebank ne, su ne kuma suka fi zuwa mana tun da Ingila ke mulkinmu a lokacin. K ɗin da ake gani a sunan samfurin keke, kamar 15K ko 99K, ma daga Kilbowie ne, wurin da masana'antar take, wadda aka rufe a 1980. Keken da lambarsa ke farawa da G, ko AA da AB, na Elizabethport ne a Amurka. Jerin lambobin duka yana intanet, amma shekarar da yake nunawa ta ranar da aka ware lambar ce, keken kan iya fitowa bayan watanni.

Na farko ya shigo jiya daga Mile 12: 99K na hannu, lambarsa EF, jerin ya nuna 1949. Naira 14,000. Ya daskare kamar an yi masa walda.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Kwana takwas 99K na shan kananzir ta ramukan mai. Yau ya juya. Na bi shi da man keke, na sa allura, ya tafi kan ƙyallen atamfa sumul.

Na biyu: 28K, ɗan'uwan wanda aka fasa a gabana, 12,000. Zanensa garau, amma babu ƙoshiya. Irin wannan ƙoshiyarsa doguwa ce kamar ɗan kwalekwale, da siririn kwarkwaro a ciki, takan yi lilo gaba da baya a ƙarƙashin faranti. Ba a sayar da ita a shagunan kayan tela. Na ajiye shi a kan kanta sai Allah Ya kawo.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

An ci ni, kuma da hannuna na miƙa wuya.

A wata kasuwar gwanjo na gan shi da yamma, ƙarƙashin laima, yana ƙyalli. Sunan Singer ɓaro-ɓaro a hannunsa, zane har gefen faranti. Mai kayan ya ce na wata tsohuwa ne da ta rasu. Duk wanda ka tambaya na tsohuwa ne da ta rasu, na sani, amma zuciyata ta riga ta tafi. Ya ce 45,000, na taya 25,000, muka tsaya a 32,000. Ko kifa shi ban yi ba, ni da na cika bango da darasi.

Da safe a hasken rana komai ya fito. Tambarin da gam aka liƙa shi, na asali kuwa da 'yan ƙusoshi biyu ake kafe shi. Na kai hanci, warin sabon fenti. A wuri guda zanen ya hau kan ramin tsatsa, wato tsatsar ta girmi zanen. Na kifa shi, sai ga JA da wata lamba a jikin zubin, alamar masana'antun Japan da suka yi ta kwaikwayon Singer 15 bayan yaƙin duniya na biyu. Abin haushin, keke ne mai kyau. Da an bar shi da sunansa da na saye shi da daɗin rai. Na kankare tambarin, zan sayar da shi a matsayin abin da yake. Ba ya cikin goma.

Asabar, 2 ga Maris

Wani mai gadi ɗan Maraɗi ne ya kira ni daga cikin Ikko, wajen Campos, unguwar Popo Aguda inda jikokin waɗanda suka dawo daga Barazil suke. Maƙwabciyar gidan da yake gadi za ta koma wurin ɗanta, ana kwashe ɗaki. Na gane masu gadi sun fi 'yan bola amfani a nan, don su ke ganin kaya tun kafin su fito bakin ƙofa. Ana gyaran gadar Third Mainland, sai da na kwashe awa uku a hanya.

Gidan bene ne na da, matakalar katako na kuka a kowane taku. Mama na zaune bakin taga, ta haura tamanin. Ta ce da Turancin buroka, “Malam, kai ne mai son gawar keke?” Na ce, “Mama, in dai da sauran numfashi.” Ta sa jikanta ya janye ledar tebur da tarin jaridu. Sai ga 66K a kan ƙafarsa ta zubi, da zanen nan na furen bado, kore da ruwan ƙasa da zinare, wanda masu tara kekuna ke kira Lotus. A gaban allura zanen ya ɗan goge, daidai inda hannun hagu ke tura yadi. Wannan gogewar ba aibi ba ce a wurina, ita ce shaidar ba a taɓa yi masa fenti ba. Lambarsa F. Ƙafar da ke danne yadi ta baya ake ɗaure ta, ba ta gefe ba, yadda 66 na farko-farko suke. Na ja aljihun tebur: ɗan gwangwanin mai, kwarkwaro biyar da zare a jikinsu har ya yi fari, maɓallai, da wani guntun alli.

Na kakarta ne, in ji ta, da shi aka ɗinka mata rigar makaranta. Ta ce in zauna in taka ta ji. Bel ɗin fata ya tsinke tuni, sai na juya ƙafafun da hannu. Ya ɗan yi gardama, ya saki, allura ta sauka ta tashi. Ta rufe ido tana saurare. Daga nan ta buɗe ido ta ce 100,000, na san ba da tsohuwar da za a yi wa wayo nake magana ba. Muka daidaita a 65,000, da sharaɗin in turo wa jikan hotonsa ranar da ya yi ɗinki. Na cire kan daga tebur na rungume shi a cinya har Agege. Mota ta ci 15,000, mai gadi na ba shi la'adarsa.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi. Kowane tela a Agege kekensa ya zaɓi yanzu ya lalace, rumfa cike har ƙofa, tsofaffin ko kallonsu ban samu na yi ba.

Shi ya sa abin ya faru. Ƙanena ya ga ina fama, ya ce bari ya rage min aiki, ya ɗauki sifirit da tsumma ya hau goge Lotus. Da na waiwayo ya gama da bayan ginshiƙi. Baƙin fentin waɗannan kekuna gasa shi aka yi, yana da ƙarfi, amma zanen a kansa aka ɗora shi aka rufe da wani siririn ƙaro mai sheƙi, sifirit kuwa narkar da ƙaron yake yi. Inda tsumman ya bi, zinaren ya koma fari kamar azurfa, ba ya kuma dawowa. Faɗin tafin hannu. Na buɗe baki na tuna ina azumi, na rufe. Ya ce, “Yaya, wallahi gyara na yi niyya.” Na ce na sani. Laifina ne da na rubuta haruffan lamba a bango ban rubuta wannan ba. Yanzu na ƙara da manyan baƙaƙe: ba ruwa, ba sabulu, ba sifirit, man keke da auduga kawai. Allah Ya sa ta baya ne, ba fuska ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bayan Salla abubuwa sun motsa. Daga Alaba Rago an kawo 15K88, 20,000, tambarinsa da shuɗin zobe a gefe an rubuta 1851 da 1951, na cikar kamfanin shekara 100. Ba shi da gidan kwarkwaro. Na ɗauko na Butterfly na tura, ya ƙi zama. Na yi minti goma ina zargin ƙugiya, ƙarfen da ke kamo zaren allura a ƙasa, kafin na tuna maganar mahaifina: 15 iri biyu ne. Tsohon da duk 'ya'yansa na Japan da Sin, ɗan yatsan gidan kwarkwaronsu ƙarfe ɗaya na agogo yake nunawa. Amma 88 zuwa 91 nasu ƙarfe goma sha ɗaya yake nunawa, zaren allura kuma daga dama zuwa hagu ake zura shi. Na tono gwangwanin tarkacen da na gada na samu guda. Teloli da yawa sun yar da irin wannan keke suna cewa ya mutu, alhali gidan kwarkwaro ne ba nasa ba.

Na kuma yi cinikin farko, ya bar ni da tunani. Wata mata daga Lekki ta ga hotunan da na sa a Facebook ta zo da direbanta. Na jera mata 99K na nuna mata yadda yake ɗinki, ko kallo bai ishe ta ba. Idonta na kan 28K marar ƙoshiya. Na ce, “Hajiya, wannan fa ba ya ɗinki.” Ta ce ba ɗinki za ta yi ba, a tagar shagonta na kayan sawa za ta ajiye shi. Ta biya 70,000 ba ta ko taya ba. Kwana biyu bayan haka wani tela ya sayi 99K, wanda na yi kwana takwas ina jinya, a 45,000 bayan ciniki har da rantse-rantse. Gurgu ya fi mai ƙafa tsada. Akwai ma wanda ya kira yana neman ƙafafun zubi zalla, guda shida, zai ɗora musu gilashi ya yi teburan gidan abinci. Na ce babu. Ina da biyu, amma raba keke da ƙafarsa bai kwanta min ba tukuna.

Asabar, 11 ga Mayu

An ce min akwai wani dattijon tela a Idi-Araba da keken da ba a jin ƙararsa. Na je bayan la'asar. Shagon bai fi tabarma biyu ba, shi kuma yana kan wata farar shadda, tabarau a ƙarshen hanci. Tun daga ƙofa na gane 201K ne, na zubi, ba na alminiyam ɗin da suka fito daga baya a shekarun 1950 ba. Na ɗora ɗan maganaɗisun da nake yawo da shi a aljihu, ya kama ƙam. Ƙugiyar 201 zagaye take yi ba lilo ba, haƙoran giya ke juya ta, shi ya sa ba ya kaɗawa. Masana da yawa na cewa Singer bai yi keken gida da ya fi shi ba, ni ma ban ga wanda ya fi shi ba.

Muka gaisa, na faɗi garinmu ya faɗi nasu, Katsina. Na ce, “Baba, na zo ganin keken nan ne.” Ya ce, “Gani kyauta ne.” Ya ninka guntun kaki har takwas ya tura ƙarƙashin allura ya taka. Abin da nake ji kawai numfashin bel da ƙarar danfo a titi. Ya yanke zare ya miƙo min. Sama da ƙasa ɗinkin ɗaya, kamar an buga da inji a takarda.

Na ce zan ba shi sabon keke a kwali, in ɗora masa 100,000. Ya ce albarka. Na ƙara 20,000. Ya cire tabarau ya dube ni. “Ɗana, wannan ya aurar min da 'ya'ya huɗu, ya kai ni Makka. In na ba ka, gobe da safe in buɗe shago in zauna ina kallon titi?” Na ce sabon ai zai yi masa aiki. Ya ce ya taɓa taka na maƙwabcinsa, kamar ana dakan gero. Ban sake magana ba. Na lura bel ɗinsa an ɗaure shi da waya wuri biyu, na ce zan kawo masa sabo. Ya ce nawa? Na ce sai dai shayi.

A motar dawowa na yi ta lissafi. Kekunan da suka fi kyau a garin nan ba a bola suke ba, suna ƙarƙashin hannun masu su. Abin da ke isowa wurina wanda mai shi ya rasu ne ko ya gaji.

Asabar, 8 ga Yuni

Damina ta kankama. Iskar Legas da ma gishiri ce, yanzu ga laima. Faranti mai sheƙi in ka bar shi kwana uku ba mai, sai ka ga ja-ja. Kwanon rumfa ya yi yoyo daidai kan teburin Lotus, fatar katakon sama ta kumbura ta ɗago. Na kai wa kafinta, na ce ya manna ya danne, kada ya kankare, kada ya shafa komai.

Biyu sun ƙaru. Jones na hannu, na Guide Bridge kusa da Manchesta, 18,000. Kyakkyawa, amma allurarsa mai zagayen gindi ce, ta kasuwa ba ta zauna masa daidai. Sai 29K na masu gyaran takalmi, mai dogon siririn hannu da ke shiga cikin takalmi, ƙafarsa na juyawa ta ja fata duk inda ka so. 45,000, daga wani ɗan bola da ya riga ya koyi karanta lamba, ya kuma koyi tsada. Darasina ya fara cin aljihuna.

Mutane a Facebook sai tambayata suke ko ina da 221, ɗan ƙaramin nan na alminiyam mai nauyin kilo biyar da aka fara fitarwa a 1933, wanda Turawa ke rububinsa. Shekara 11 ina gyara a garin nan, ko sau ɗaya bai shigo rumfata ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Lissafin wata shida. Abin da ya fita, har da mota da bel da mai da kafinta: 251,000. Abin da ya shigo: 288,000. 29K bai kwana bakwai ba wani mai takalmi daga Mushin ya ɗauke shi a 85,000. 15K88 ya tafi a 60,000. Na Japan ɗin na sa masa marikin hannu na sayar wa wani yaro ɗan Sakkwato, cikin masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi, waɗanda ake kira obioma a nan. Na gaya masa tarihinsa kaf. Ya ce, “Oga, ni dai ya ɗinka.” 28,000, na yi asarar 4,000 ban da mariki.

Shida cikin goma. Lotus da Jones suna nan. Lotus ya yi ɗinki ranar Laraba, na tura wa jikan Mama hoton. Matar Lekki ta taya shi 150,000, ta ce amma a sake masa fenti ya yi sabo fil, a rufe farin tabon nan. Na ce ba da hannuna ba. Ƙanena ya ce kuɗi na ƙi. Uwargida ma haka ta ce.

Lahadi, 14 ga Yuli

Baba na Idi-Araba ya kira ni ranar Alhamis. Gabana ya faɗi don murna, na ɗauka ya sauko. Ashe gida zai koma, ido ya fara gazawa, 'ya'ya sun matsa. Keken kuma tare za su tafi, akwai jikarsa a Katsina da ta fara koyo. So yake in duba shi in ɗaure masa shi yadda zai kai lafiya.

Jiya na yini a can. Na buɗe ƙasa na share tsohon giris daga haƙoran giya na sa sabo, na cire allura, na sauke ƙafar a kan ƙyalle, na kwance babbar ƙafafun hannu na naɗe ta daban don ita ke fara karyewa in kaya ya faɗi. Kan na naɗe shi da bargo biyu na sa a akwatin katako, na cusa tsummoki ta kowane gefe har ya daina motsi. Na rubuta lambar wayata a cikin murfin, da yadda ake zura zare, daga dama zuwa hagu, don kada yarinyar ta sha wahalar da teloli ke sha. Ya ce nawa ne aikina? Na ce Baba ka bari. Ya tura min kwarkwaro uku a aljihu, ya ce na wani tsohon kekensa ne da ya daɗe da rabuwa da shi. Da na dawo na duba, dogaye ne, irin na 28K. Ƙoshiyar ce dai har yau babu, keken ma yana tagar Lekki.

Wani mai gadi a Ebute Metta, kusa da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ya turo hoto da daddare. Ya yi duhu, amma ina ganin kamar Pfaff ne, na Jamus. Na ce ya sake ɗauka da safe, ya kifa shi ya ɗauki ƙasan ma. Talata zan je, in ba a yi ruwa ba.